Abokin Layin Ummulkhair

Ranar wata Alhamis cikin watan Agusta na fito zan raka yara gida. Ruwa ne ya tsare mu a aji tun la'asar, bai ɗauke ba sai da rana ta kusa faɗuwa.

Shekara uku ke nan, tun da na yi ritaya, ina koyar da darasin hutu a firamaren ƙauyenmu, yamma da Ɗanzomo. Da safe yara suna gona, saboda haka sai bayan azahar muke haɗuwa. Mu yi karatu da lissafi, mu dasa darbejiya a bakin fili, wani lokaci mu zana taswirar gari a kan yashi. A ranar kuwa na sa sun ɗebo yumɓu daga kududdufin da ke gindin tsohuwar tsamiya, suka gina shanu da raƙuma da motoci. Mai unguwa ya taɓa gaya mini ba a ɗibar ƙasar wurin. Na ce masa ƙasa ai ƙasa ce.

Ina da doka guda wadda na taso da ita tun daga makarantar mishan: yara ba sa tafiya a warwatse. Biyu-biyu ne, hannu cikin hannu. Yarana ashirin da uku ne, don haka kullum ɗaya ke rasa aboki. Ummulkhair ce, ƙaramarsu, 'yar shekara shida. Ita ke riƙe hannuna na hagu a ƙarshen layi. Uwarta Sauda ba ta yarda ta bar ta zuwa ba sai da na ce mata, “Da hannuna zan riƙa kawo miki ita.”

Muka kama hanyar da ta ratsa gonaki. Gero ya fi tsayin mutum, ya rufe dama da hagu. Ƙasa tana ƙamshin ruwa, kwaɗi suna ta kuka. Zayyad, monitan aji, yana can gaba yana tsokanar Muhsina.

“Wannan raƙumin naki ko akuya mai ciwon wuya?”

“Gara nawa,” in ji ta. “Kai motarka ko taya babu.”

Yara suka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa. A nan na lura ina tafe na goya hannuwana biyu a baya.

Na tsaya. Babu kowa a hannuna na hagu.

Na bi layin da ido. Biyu, biyu, biyu. Sahu goma sha biyu cif, ba wanda ya rasa aboki.

Ummulkhair tana sahun ƙarshe, riƙe da wani yaro daidai tsayinta. Kansa a sunkuye. Jikinsa launin jiƙaƙƙen yumɓu. Sawunta yana fita a cikin taɓo. Inda ya taka kuwa ruwa ne ke taruwa.

Kwaɗi suka yi tsit.

Wani wari ya taso, irin na gindin kududdufi idan shanu sun dama shi.

Gaba kaɗan hanya ta rabu, dama ta nufi gari, hagu ta nufi tsamiya.

“Zayyad,” na ce, ban ɗaga murya ba. “Tsayar da layi. Kada wanda ya waiwayo.”

“Malam, magariba fa ta kawo kai.”

“Na ce kada wanda ya waiwayo.”

Layi ya tsaya. Biyun ƙarshe ba su tsaya ba. Suka zame, suka bi hagu.

Na bi bayansu, gwiwoyina na shekara saba'in da huɗu suna ƙara. Na cim musu ina iya hango baƙin ruwan.

“Ummulkhair.”

Ta juyo. Idonta a buɗe, amma kamar mai barci.

“Malam,” ta ce cikin raɗa, “ya ce tunda mun ɗebi ƙasarsu, shi ma ɗan aji ne. Wai in raka shi gida.”

Shekara arba'in na yi a gaban allo, ba yaron da ya taɓa tsara mini yadda ake tashin aji.

“Ɗan aji ne?” na ce. “To madalla. Dokar aji ta hau kansa. A ajina yaro ba ya raka yaro. Malam ke rakiya.”

Na yi bismillah na kama ɗaya hannunta.

Ya ja. Ja irin na bijimin huɗa.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Takalmana suna zamewa. Ruwan yana motsi, alhali babu iska.

“Sake ta,” na ce. “Ni na sa aka ɗebo ƙasar. Ita na yi wa uwarta alkawari. In hannu kake so, ga nawa.”

Na miƙa masa na hagu.



Yatsun suka sake ta ɗaya bayan ɗaya. Suka kama ni.

Sanyi ya hau har kafaɗata.

“Ruga wurin Zayyad,” na ce mata. Sannan na ɗaga murya: “Zayyad, ku kama hanyar gari. Ku yi ta karanta jadawalin biyu, in riƙa jin ku.”

“Biyu sau ɗaya, biyu,” suka fara, wasu da kuka. “Biyu sau biyu, huɗu.”

Muka taka, ni da shi. Bai ɗago kai ba. Har yau ina gode wa Allah a kan haka.

Ruwa ya taɓa idon sawuna. Ya kai gwiwa.

Na kafe.

“Nan ne gidanku,” na ce. “Na rako ka. Malam a ƙofa yake tsayawa.”

Ya ja. Ruwa ya kai ƙuguna.

“Ba zan shiga ba. An tashi aji.”

Daga can gari ladan ya ɗaga kiran salla.

Na faɗi da baya cikin taɓo, hannuna babu kowa.

Da rarrafe na fito. Na cim ma yaran a bakin gari, sun kai biyu sau goma sha biyu sun sake komawa farko. Na kama Ummulkhair da hannun dama, na kai ta har ƙofar Sauda.

Washegari muka mayar da yumɓun, ni da mai unguwa, har motar Zayyad marar taya. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Cewa ya yi a rufe darasin. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, saura mako biyu, kuma ba su iya jadawalin bakwai ba.” Ranar Litinin na je na buga ƙarfen makaranta, na zauna ni kaɗai. Can sai ga Sauda, ta riƙo Ummulkhair. Kafin Laraba duk sun dawo.

Hannuna na hagu bai sake ɗumi ba. An yi mini rubutu na sha, an duba ni a asibitin Gumel, ba a ga komai ba. Yanzu da dama nake riƙe Ummulkhair. Amma duk yamma, da zarar yara sun jeru biyu-biyu, nakan ji wasu ƙananan yatsu masu sanyi sun shiga tafin hagun.

Ba na fizgewa. Muddin ni yake riƙe da shi, bai riƙe ɗan kowa ba.