Muryar da Ta Rage a Gurbi

Shekarar da gulbin Yamai ya ƙafe, Idrisa makanike ya sayo talki-walki biyu, wato wayar oba-oba, a kasuwar Lazaret. Kayan roba ne na arha, ko soja ya gani ba zai ɓata lokacinsa ya ƙwace ba. Ran Lahadi iyalin sukan fita yawo cikin busasshen gulbin, ɗaya a hannun matarsa Hadiza, ɗaya rataye a wuyan autansu Moussa, don yaron bai san zama wuri ɗaya ba.

Wata Lahadi yaron ya zame cikin wani gurbi mai zurfi da ke da sauran ruwa. An tsamo gawar Moussa. Abin wuyansa yana can ƙasa.

Bayan sadakar bakwai, ana alwalar magariba, gidan tsit, sai ɗayan talki-walkin ya yi ƙara bisa kantar ɗaki. Ko pil, wato batir, babu a cikinsa.

"Inna, kina ji na?"

Buta ta suɓuce wa Hadiza. Daga ranar, kowace magariba tana rungume da shi, suna hira. Jiƙaƙƙun duwatsu suka riƙa faɗowa kan kwanon ɗaki, a garin da ake layin ruwa. Yayar yaron kuwa, Hamsatu, ta bar cin abinci, ta rame, laka a ƙarƙashin faratanta.

Idrisa ya kawo Malam Tanimu, mutumin Tahoua. Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Hamsatu ya buɗe da wata murya mai kauri.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gurbin. Dangina sun bi ruwa, ni kaɗai na rage. Sai abin nan ya faɗo, mace tana ta kira a cikinsa, ba mai amsa mata. Na amsa."

"Yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Muryar yaron ba ta fita sai da numfashin 'yar'uwarsa. Nata nake ara."

"Fita, don girman Allah!"

"Zan fita, amma da muryar zan tafi. Sai uwar ta sallame ni da bakinta."

Maƙwabta sun ce wai abu ne mai sauƙi. Wofi! Waninsu ya taɓa binne ɗa sau biyu?

Hadiza ta dubi wuyan Hamsatu, ƙashi duk a waje. Ta danna maɓallin talki-walkin.

"Moussa, auta, magariba ta yi. Ka kwanta. Kada ka ƙara kirana."

"To, Inna."

Hamsatu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce tana jin yunwa. Hadiza ta tashi ta dama mata fura. Sai da yarinyar ta shanye tas, sannan uwar ta shiga ɗaki ta sake danna maɓallin. Shiru.