Ƙofar da Hamzat Ya Kulle

Ummakulsum tana tsaye a bakin tagar kicin tana tsince shinkafa aka wuce da makara ta uku, ko azahar ba a yi ba. Mutum shida ne kacal suka raka gawar, kowa da ƙyalle a hanci, suna sauri kamar waɗanda hadari ya biyo. A da in aka yi rasuwa a layin nan nasu na Fagge sai an tare hanya saboda jama'a. Amma tun da aka sa dokar kulle saboda korona, aka rufe Kantin Kwari da masallatai, 'yan adaidaita sahu suka ɓace daga titi, unguwar ta yi wani irin shiru mai sa tsikar jiki ta tashi.

Na gaba a cikin masu ɗaukar makarar mijinta ne, Hamzat. Da tsayinsa ta gane shi.

Watansu tara da aure, cikinta wata huɗu. Hamzat malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta a Sabon Gari, mutum mai barkwanci, wanda ba ya shigowa gida sai da labarin da zai sa ta dariya. Mahaifinsa, Malam Maje, shi ake kira a unguwar in za a yi wa mamaci wanka da salla, shekara talatin ke nan. Da tsofaffi suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a farkon azumin nan, ba a san takamaiman abin da ke ɗaukarsu ba, sai Hamzat ya je ya durƙusa ya roƙi tsohon ya zauna a gida. Ya ce shi yaro ne, jikinsa zai ɗauka, kuma ai a hannunsa ya koyi aikin. Daga ranar shi ke zuwa. In ya dawo daga maƙabarta da yamma sai ya yi wanka, ya sake kaya, ya biya gidan mahaifinsa ya faɗa masa wa da wa aka binne, su yi musu addu'a tare.

Ran goma ga azumi Malam Maje ya tashi da zazzaɓi. Kwana huɗu ya yi yana kokawa da numfashi, sun buga lambar gaggawa har sun gaji, a na biyar Allah Ya karɓi abinSa. Ba a yi masa gwaji ba. Hamzat ne ya wanke shi da hannunsa, bai zubar da ƙwalla ko ɗaya ba.

Ba a yi zaman makoki ba, yawanci ta waya aka yi gaisuwa. Yayan Ummakulsum, Muhammad Nur, ma'aikacin gwamnati, yana cikin 'yan kaɗan da suka zo. Daga nesa ya tsaya, bai ba kowa hannu ba. Bayan ya yi addu'a, har ya juya zai tafi, sai ya ce da Hamzat a gabanta:

"Da ka zauna a gida kamar kowa, da wataƙila tsohon nan yana nan. Kullum kana cikin gawarwaki, kullum kana ɗakinsa."

Hamzat ya bi shi da kallo har ya fita.

Washegari ya kwashe tabarmarsa da butarsa ya koma falo. Ya ce kada ta ƙara matsowa kusa da shi, abinci ma ta ajiye a bakin ƙofa ta ja da baya. Da farko ta ɗauka taka-tsantsan ne saboda cikin. Sai ta lura da wanke hannun. Yakan tsaya a bakin famfo da omo yana dirzar tafukansa har kumfa ta ƙare, ya koma ya zauna, kafin minti goma ya sake miƙewa. Fatar ta tsattsage, in ya yi alwala har jini-jini ake gani a ruwan. Ya daina ɗaukar waya. Ya daina sahur, buɗa-baki kuwa dabino ɗaya da ruwa. In an buga ƙofa ana neman mai wankan gawa, sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

Magana ba ta ɓuya a Fagge. Kafin mako ya zagayo an kai wa mahaifiyar Ummakulsum, wadda suke kira Inna, labarin cewa surukinta ya taɓu. Wasu suka ce gamo ya yi a maƙabarta, wasu suka ce cutar ce ta hau masa kai. Inna ta kira tana kuka, ta ce ba za ta zauna ta zuba ido ta rasa 'ya da jika a lokaci ɗaya ba. Ummakulsum ta yi ta ba ta haƙuri, tana cewa alhini ne kawai, zai wuce. Ita kanta ba ta yarda da abin da take faɗa ba.

A lokacin ana sassauta kullen ran Litinin da Alhamis, daga hantsi zuwa la'asar, don mutane su sayi abinci. Wata Litinin Muhammad Nur ya faka motarsa a ƙofar gidan, ya hawo sama da takunkumi biyu a fuska. Ya ce Inna ta ce ta haɗa kayanta. Sannan ya tsaya a bakin falo ya ce da Hamzat, tunda abin ya zama haka, gara a rabu tun ana ganin mutuncin juna, ya rubuta mata takardarta.

Ummakulsum ta zaci Hamzat zai yi faɗa, har ma ta so ya yi. Sai ta ga ya gyaɗa kai a hankali, ya jawo wani littafin darasi ya yage takarda.

"Gaskiyarka, Yaya," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Ku tafi da ita. Duk wanda na raɓa ba ya kwana da yawa."

Ba ta san lokacin da ta tsallaka cikin falon ta fizge biron ba. Ya zabura ya manne da bango, yana roƙonta ta fita kada ta shaƙi numfashinsa. Ta juya wurin yayanta, hawaye na zuba.

"Zan bi ka, Yaya, tunda Inna ce ta kira ni. Amma ba da takarda ba. Wanda bai san inda kansa yake ba ne za ka sa ya yanke igiyar aure?"

Muhammad Nur ya kau da kai. Ta ɗebi kaya kala uku, ta jera masa gari da sukari da dabino a bakin ƙofa, ta bi yayanta. Tana saukowa daga bene ta ji ƙarar mukulli a bayanta.

A gidan Inna aka ware mata ɗaki da kwanonta daban. Kwana biyu tana kiran wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Ran Laraba da hantsi saƙo ya shigo: *Ki yafe mini. In ba ni, kowa zai huta.* Ta kira nan take, wayar a kashe.

Sai ta tuna da Ifeoma, matar Okechukwu abokin aikin Hamzat. Nas ce a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, haifaffiyar Sabon Gari, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ummakulsum ta karanta mata saƙon, ta ba ta labarin wanke hannun da ƙin cin abinci. Ifeoma ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce wannan ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba, ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana da magani kamar hawan jini. Amma mai irin wannan maganar ba a barinsa shi kaɗai ko na yini ɗaya. Ta ce tana da katin aiki, za ta iya wuce shingen jami'an tsaro, su haɗu a ƙofar gidan bayan azahar.

Ummakulsum ta sa hijabi ta je ta durƙusa a gaban Inna. Inna ta ce in ta taka ƙofar nan, to ta san ta zaɓi miji a kan uwa.

"Inna, ban isa in zaɓi kowa a kanki ba," in ji ta. "Amma lokacin da Baba ya shekara biyu a kwance, ba ya gane kowa, ke kike juya shi, ke kike ba shi abinci a baki. Dangi sun ce ki koma gida, kika ƙi. A wurinki na gani. In wani abu ya same shi yau, da wane ido zan dubi abin da ke cikina?"

Inna ta juya fuskarta wajen bango. Ba ta ce je ki ba, ba ta kuma sake cewa kar ki je ba.

Ranar ba ranar fita ba ce, babu abin hawa. Ta bi lunguna a ƙasa cikin zafin rana, tana raɓewa in ta hango motar sintiri. Shaguna duk a garƙame, awaki ne kawai a kwance a kan teburan 'yan kasuwa. A hanya ta wuce gida biyu da aka jingina makara a ƙofarsu. Ta tarar da Ifeoma ta riga ta isowa da jakarta.

Kayan abincin da ta jera suna nan yadda ta bar su. Suka buga, shiru. Suka sake bugawa, Ummakulsum na kiran sunan da take kiransa da shi, Malam, Malam, har muryarta ta dushe. Ifeoma ta ciro waya za ta kira mijinta ya zo a ɓalle ƙofar, sai suka ji an buɗe famfo a ciki.

Ifeoma ta matsa jikin ƙofar ta gabatar da kanta. Ta yi masa magana a natse: ita kullum daga asibiti take komawa wurin 'ya'yanta da irin wannan fargaban, babu likitan da zai iya cewa ga ta inda ciwo ya shiga jikin Malam Maje, a garin da cuta ta cika ko'ina, kuma an kusa mako biyu da rasuwar, shi ko zazzaɓi bai yi ba. Daga ciki ya ce ya gode, amma su tafi.

Ummakulsum ta share fuskarta. Dabara ta ƙare mata, sai gaskiyar abin da take ji.

"Malam, a ƙasa na zo tun daga gidan Inna. Ƙafafuna sun kumbura, jiri nake gani. Ko kujera ba za ka ba ni ba?"

Aka kashe famfon. Can sai mukulli ya motsa, ƙofar ta ɗan buɗe, aka turo kujerar roba. Ifeoma ta sa ƙafarta a tsakani.

Da ƙyar Ummakulsum ta gane shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, hannayensa kamar an ƙona. Ta zauna a kujerar kamar yadda ta roƙa, sannan ta miƙa hannu ta kama nasa. Ya yi ƙoƙarin janyewa, ta riƙe gam. Sai ya sulale ƙasa ya fashe da kukan da bai yi ba ranar da ya wanke mahaifinsa, yana cewa shi kare shi ya so yi, kare shi kawai ya so yi.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Ifeoma ta haɗa shi da likita ta waya a yammacin nan, aka rubuta magani, Okechukwu ya nemo ya kawo. Aka yi masa gwajin korona, bayan kwanaki sakamako ya nuna ba ya ɗauke da ita, amma duk da haka akwai ranakun da yakan wayi gari a bakin famfo. Ta koyi kada ta yi masa faɗa, sai ta tsaya kusa da shi ta miƙa masa tawul. Sallah ƙarama ta zo ta wuce su biyu a ɗaki. Maƙwabta suna tsallake ƙofarsu. Inna kuwa wata biyu ba ta ɗauki wayarta ba, kullum Ummakulsum sai ta kira da safe, ta bari ta yi ta ringin har ta katse, don dai Inna ta san an gaishe ta.

Da aka buɗe gari, kasuwa ta dawo da hayaniyarta, ita ta riƙa raka shi asibiti a adaidaita sahu duk bayan mako biyu. Ranar da ya fara tsokanarta a kan yadda ciki ya sa take tafiya kamar agwagwa, sai da ta shiga kicin ta yi kuka.

Ta haihu a ƙarshen damina, mace, ana saura kwanaki a buɗe makarantu. Bisa al'ada gida za ta tafi wankan jego, ta rasa yadda za ta tayar da maganar. Washegarin haihuwa da safe sai ga Muhammad Nur ya hawo bene da buhun gero a kafaɗa, Inna na biye da shi da ƙullin kayanta. Ya ajiye buhun, ya miƙa wa Hamzat hannu biyu, ya ce maganar da ya faɗa ranar ta'aziyya ta hana shi sukuni, tsoro ne ya yi magana da bakinsa, ya roƙe shi ya yafe masa. Hamzat ya riƙe hannun ya ce ya wuce.

Inna ta shige ɗaki ta karɓi jaririyar. Ta ce a nan za ta zauna ta yi wa 'yarta wanka, ba za a raba mai jinya da mai kula da shi ba. Sannan ta ɗaga murya yadda na falo zai ji ta bayan labule:

"A gaya wa maigidan nan ya ci abinci da kyau, yara na jiransa a makaranta. Mu kuma da muka gudu lokacin da ya fi bukatarmu, Allah Ya yafe mana."

Annoba ta ɗauki mutane da yawa a shekarar nan, tsoro kuma ya raba waɗanda ta bari. Ciwon zuciya ciwo ne kamar kowane ciwo, ba abin kunya ba ne, ba kuma dalilin kashe aure ba ne. Magani yake so, da wanda zai zauna kusa. Ummakulsum ba ta ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, ba ta kuma saki hannun mijinta ba, shi ya sa Allah Ya bar mata su duka biyun.