Rigar Sarkin Farisa

"Wa kika auna, Muhibba?"

Yayanta Basiru na tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki, riƙe da rigar da aka dawo musu da ita.

Wata makarantar baƙi ce ta ba su aikin kayan mutanen Farisa na da, waɗanda malamai za su sa a wasan tarihi. Kaba ake kiran rigar: doguwa ce, gabanta na hawa kan juna a ɗaure a gefe, hannun ya zarce yatsu. Basiru ya karɓi awo a shagonsa na unguwar Gubaira, a nan ƙasar Larabawa, ita ta yanka a gida. Duk sun zauna daidai, sai ta sarki.

"Yaya... awon da ka ba ni..."

"Ƙarya ne! Malamin da zai fito a sarki gajere ne mai tumbi. Wannan ta dogo ce!"

Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Ita kanta ba ta san sa'ar da hannunta ya bar awo ya bi zuciya ba.

Shafa'atu, mai taya ta sa maɓalli, ta yi murmushin mugunta. Ta daɗe tana son Salissou, direban makarantar, ɗan Maraɗi, shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Yaya Basiru, ai direban da ya kawo ta yana falo. A gwada masa mana..."

Muhibba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bara Salissou ya nemi aurenta, Basiru ya ce ba zai ba mai kwana a ɗakin kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ƙanwarsa ba. Ya kuma rantse in ya sake jin zancen, gida Gusau zai mayar da ita.

Basiru ya fita falo da rigar. "Yalla, maza, Salissou! Saka."

Ta bayan labule Muhibba take leƙe.

Rigar ta zauna kamar da ita aka haife shi. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, kuma haka aka yanka rigar.

"Ka gani ko!" in ji Shafa'atu. "Yaushe ta auna shi in ba haɗuwa suke ba?"

"Wallahi ko hannun rigata ba ta taɓa riƙewa ba," Salissou ya ce. "Tun da ka ce a'a ban ƙara yi mata magana ba. In kora ce, ni za a kora. Kar ka taɓa min Muhibba..."

Basiru ya matso kusa. Tela ne shi ma, ya san yankan awo, ya san yankan ido. Ya zagaya Salissou, ya shafa ɗinkin kafaɗar, ya daɗe a wurin.

"Muhibba."

"Na'am, Yaya..."

"Tun kina yarinya kike ɗinka min kaya, da awona a hannunki. Ba ki taɓa gane kafaɗata haka ba."

Kuka ya ƙwace mata.

"Ta taga kawai nake ganinsa, Yaya... Na yi ƙoƙarin mantawa, wallahi na yi!"

Shafa'atu ta gyara tsayuwa tana jiran a ambaci Gusau.

Basiru ya sauke ajiyar zuciya, ya juya ga Salissou.

"Halas, shi ke nan. Cire rigar mutane, ka kira Maraɗi. Ka ce manya su neme ni."