Ledar da Danda Ya Ƙona a Rijiya

Yammacin Laraba ne cikin bazara, a Hawandawaki. Rana ta yi ja ta rataya a kan rumbuna, awaki suna shigowa gida ɗaya bayan ɗaya. Sa'a tana tuƙa tuwo a gindin murhu. Mijinta Danda, mai amalanken jaki, yana tsugune bakin zaure yana shafa wa jakinsa mai a ƙafar da ta kumbura. Autarsu Zulfa, ƴar shekara goma sha biyar, wadda ita kaɗai ta rage musu a gida, tana ɗauraye kwanoni tana ƴar waƙarta ƙasa-ƙasa.

Sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim.

Sa'a ta ɗauka yaran maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Zulfa ta kai hannu ta ɗauki abin, ta yar da shi da sauri tana yarfe yatsu. Mataccen batirin cocila ne, ya yi baƙi ƙirin, da zafinsa kamar yanzu aka tsamo shi daga garwashi. Kafin su gama kallonsa wani ya faɗo, sai murfin kwalba, sai wani dunƙulen leda da ta narke ta daskare. Ba daga bayan danga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a miƙe. Can kuma warin ƙonanniyar leda ya cika gidan, alhali ko tsinke babu mai ƙonawa a duk unguwar.

Danda ya leƙo ya ga abin da ke zube a ƙasa. Ya san kayan nan, shi ya ɗauke su da hannunsa.

Ga yadda aka yi. Shekara biyu ke nan matan unguwar suka gaji da asarar awaki. Akuya tana ci tana ramewa, in an yanka a tarar da cikinta cunkushe da baƙar leda. Sai suka haɗa kai ƙarƙashin wata dattijuwa mai kaifin baki, Balkisu, suka raba shara kashi biyu. Abin da ƙasa ke ci, toka da kashin dabbobi da ɓawon wake, a kai gona ya zama taki. Abin da ƙasa ba ta ci, leda da fasassun bido, wato jarkokin roba, da matattun batura, a ɗura a buhu. Danda ne aka amince wa ya riƙa kai buhunan Tasawa, inda ake narka leda a yi tubalin daɓe da ita. Zulfa kuwa, da yake ta yi lakwal ta iya rubutun boko, ita ke shafa wa kowane buhu alamarsa da shuni, tana ta jin daɗi babanta ne mai kaiwa.

To, jaki ya yi ciwon ƙafa, hanya kuwa rairayi ne zalla, ga rana mai dafa ƙwaƙwalwa. A gefen gonar Danda akwai wata tsohuwar rijiya da kakansa ya haƙa, ta ƙafe tun kafin a haifi Zulfa. Shaiɗan ya raɗa masa a kunne. Ya juye lodi ɗaya a ciki ya dawo yana kaɗe riga kamar wanda ya fito daga Tasawa. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Da ya ga buhunan sun taso har mai wucewa zai iya hango su, sai ya sayo isansi, wato fetur, rabin kwalba.

Ko yaron goye a garin nan ya san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa, balle a sa wuta a rami ko kogon itace, sai an yi bisimilla an ɗaga murya an ce, masu wuri a gafara, a ɗan jira, sannan. Danda ya san wannan sarai, uwarsa ta sha dukansa a kai. Amma ranar maƙwabcinsa Jibo yana sharar gona can kusa, in ya ɗaga murya Jibo zai ɗago kai ya zo ya gani. Kunyar mutum ta fi ƙarfinsa. Ya haɗiye maganar, ya kyasta ashana ya jefa, ya juya baya. Kwana biyu ke nan da yin haka.

Bai gaya wa kowa ba. Ya share tsakar gida ya ce da Sa'a ta yi ta addu'a.

Washegari da faɗuwar rana jifan ya dawo. A rana ta uku aka ƙara da murya, kukan mace siriri, can ƙasa, kamar daga cikin randa. Kaji suka ƙi shiga akurki. Zulfa tana shimfiɗa tabarmar sallar magariba sai tari ya sarƙe ta, ta tofar da yawu baƙi, ta sulale ta zauna. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji kamar mai rungume da jariri, ta shiga jijjiga. Daga nan ba ta ƙara cewa Inna ba, ba ta ƙara cewa Baba ba.

An kai ta gidan likita a Tasawa, aka auna ƙirji aka ce garau yake. Aka dawo da ita. Ba ta ci, ruwa ma sai an ɗura mata da ludayi, rabi ya zube. Cikin kwana biyar yarinyar da ke ɗauko tulu daga famfo tana dariya ta koma ƙashi da fata. Sa'a ta yi kuka har hawaye ya ƙare. Danda kuwa ya kasa shiga ɗakin, sai ya tsaya bakin ƙofa yana kallon hannuwan nan da ke jijjiga abin da babu. Baƙin ciki ya cika shi, tsoro ya cika shi, kuma duk da haka bakinsa ya ƙi buɗuwa. Kai, ɗan Adam!

Sa'a ce ta aika garin Kona aka ɗauko Malam Rayyanu a kan babur ɗin kabu-kabu. Tsoho ne ɗan firit, idonsa ɗaya ya yi hazo, ba ya son yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya yi alwala, ya sa aka fitar da ƴan kallo, ya bar uwa da uba kawai. Ya zauna nesa da yarinyar kaɗan ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi, har inuwar danga ta haye tsakar gida. Sannan jijjigar ta tsaya. Zulfa ta ɗago kai, amma muryar da ta fito ta babbar mace ce, dusasshiya, wadda hayaƙi ya cinye.

"Malam, ka bari haka nan. Karatunka ba ya ƙona ni, ni ma musulma ce. Na riga na ƙone."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta jikin ɗiyar mutane. Ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Ta ce tun ranar da ruwan rijiyar ya janye take zaune a ciki, ba ta taɓa tsorata ko ɗan akuya ba. Da aka fara zubo mata buhuna a ka, ta yi haƙuri ta matsa gefe. Aka ƙara, ta ƙara matsawa. Tana da ɗa guda, ta same shi bayan ta fid da rai, bai ma fara tafiya ba. Ranar nan ta kwantar da shi a lungun da ya rage, ta fita neman abin da za su ci nan kusa, inda ko tari aka yi bakin rijiyar za ta ji.

Sai idon Zulfa ya juya ya sauka kan ubanta.

"Kalma guda, Danda. Da ka ce a gafara, da na ɗauke shi kafin ashanarka ta kai ƙasa. Mi ya hana ka?"

Danda ya zube kan gwiwoyinsa. A gaban matarsa da baƙon malami ya faɗi komai, buhuna da isansi da Jibo. Sa'a ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

Aljanar ta ce ɗiya za ta ɗauka a madadin ɗa. Malam Rayyanu bai ɗaga murya ba. Ya ce yarinyar ba ta kyasta ashana ba, kuma ita da ta ce musulma ce ta san ba a kama wani da laifin wani. Ya ce ta faɗi abin da za a yi mata, ko yanka ne ko sadaka. Ta yi wata dariya marar daɗin ji, ta ce me za ta yi da jinin akuya? Hawaye suka shiga bin kumatun Zulfa.

"Ban samu na binne shi ba," in ji ta. "Abin nan naku ya narke ya rufe shi. Na tona da farce, ya ƙi. Ƙasa ba ta cinsa, kuma ya hana ta karɓar ɗana. Ku fiddo mini shi."

A kan haka aka tsaya. Danda zai sauka da kansa, shi kaɗai, ba fartanya ba diga, kada ƙarfe ya taɓa yaron. In ya fito da shi aka sa shi a ƙasa mai tsabta, za ta saki Zulfa. Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Ta ƙara da cewa ya hanzarta, don jikin ɗiyarsa ba zai kai kwana uku ba.

Da asuba Danda ya tafi gidan Balkisu ya tsaya a zaure ya faɗa mata gaskiya. Kowa ya zaci za ta wanke shi tas, don ba a san ta da ragawa ba. Sai ta ce kaico, ta shiga ta ɗauko mayafi. Kafin hantsi mata sun cika bakin rijiyar da buhuna, Jibo da maza uku sun riƙe igiya.

Aka zura shi. Ciki duhu ne da wari mai hawa kai. Saman duk toka ce da gawayin leda, ƙarƙashi kuma wanda wutar ba ta kai gare shi ba yana nan yadda aka zuba shi, har da na shekarun baya da iska ta kwaso, ko ɗaya bai ruɓe ba. Yana cika guga ana ja. A sama mata suna zaune suna rarrabewa, leda nan, batura can a cikin tsohuwar tukunya don kada ruwansu ya zuba a gona, kwalabe gefe guda. Fasasshen gilashi ya tsattsaga masa tafin hannu, ruwan batir ya ci masa yatsu, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Rana ta faɗi bai kai ba. Aka aiko daga gida cewa Zulfa ba ta iya zama, sai kwance.

A rana ta biyu bayan azahar ya taras da wurin. Ledar ta narke ta zama faifai guda mai kauri, ta manne da bangon rijiyar. Ya sa yatsu a gefe yana ɓamɓara kaɗan-kaɗan, farcensa biyu suka fita. Da ya ɗaga sai ga wani ɗan abu a dunƙule a lungu, bai kai tafin hannu biyu ba. Waɗanda suka gani daga baya sun kasa daidaitawa, wani ya ce kamar ɗan kyanwa, wata ta ce a'a. Danda dai bai taɓa faɗin abin da ya gani ba. An ji shi kawai daga ƙasa yana kuka irin na wanda aka yi wa mutuwa.

Balkisu ta yage gefen farin mayafinta ta zura masa. Ya naɗe, ya rungume a ƙirji aka jawo shi. Da hannuwan nan masu jini ya tona rami gindin gawon da ke tsakiyar gonar, ya tsince duk wani ɓallin leda da ke cikin ƙasar, ya kwantar da shi, ya mayar da ƙasa.

Rana na gab da faɗuwa ya shigo gida. Malam Rayyanu na zaune inda ya bar shi. Zulfa na kwance kan cinyar uwarta, numfashi sama-sama, kuma a karo na farko cikin kwanakin nan hannuwanta sun saki, suna zube a gefenta. Malam ya tambaya ko alkawari ya cika. Muryar ta fito, yanzu a raunane, ta ce ya cika. Ta ce ba za ta zauna a ƙasar nan ba kuma, za ta yi arewa inda babu kowa. Malam ya ce ta yafe kafin ta tafi.

"Ga ɗiyarka nan, Danda, na mayar maka," ta ce. "Ni wa za ya mayar mini?"

Zulfa ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta ce da ƴar muryarta tana jin ƙishirwa. Sa'a ta fashe da kuka tana hamdala, tana laluben moɗa.

Yarinyar ta sha, ta juyo ta ga ubanta tsugune bakin ƙofa, hannuwansa naɗe da tsumma.

"Baba, mi ya samu hannunka?"

Danda ya dubi hannuwansa. Ɗiyarsa ta dawo, ya kamata ya yi murna, kuma yana murnar. Amma tambayar matar nan ta zauna masa a ƙirji, ya duba ko'ina cikin ransa bai sami amsarta ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sha ruwanki, auta. In kin ji ƙarfi zan gaya miki, duka."