Aljanar Kujerar Baya

Rana ta faɗi a Makera, saura ɗan ja-ja a bayan tsofaffin masaƙun Kakuri. An kira magariba. Hajiya Larai ta sauke tuwo, ta rufe kaji, ta ɗauki buta. Gidan ya yi shiru, irin shirun da ake yi idan an ɗauke wuta kuma ba wanda ya tada janareto tukuna. Maigidan, Alhaji Yahaya, yana inda ya saba, kwance a ƙarƙashin jirginsa, ƙafafunsa kawai ake gani.

Jirgi fa na gaske, na sama. Ƙarami ne, mai kujera gaba da baya, da farfela ɗaya a hanci. Alhaji Yahaya tsohon makanikin masaƙa ne. Da aka rufe masaƙa ya koma sayar da janareto, Allah kuma ya buɗa masa. Wata rana ya ji ana gwanjon kayan wata babbar gona da ta mutu a hanyar Kachia. Ya tafi neman injin ban ruwa, ya dawo da jirgin sama a bayan tirela, fikafikansa ɗaure a gefe. A cikin ciyawa ya same shi, an yi shekaru ba a taɓa shi ba. Ya ce zai gyara shi, ya kai Zariya masu duba jirage su duba, ya ɗauki matuƙi, su riƙa zuwa Kano suna dawowa kafin la'asar.

A lokacin, 'yarsu Jamila tana firamare. Yanzu Jamila tela ce, har kayan amare take ɗinkawa. Jirgi kuwa yana nan a tsakar gida bisa bulo, ba fiffike, ba ƙofa, ba kujera. A kankare tsatsa, a yi fenti, fentin bai yi masa ba, a kankare. A kwance inji, a ɗaura, a sake kwancewa. Duk wanda ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Saura kaɗan."

To, a gidan Hajiya Larai ba a barin abu ya zauna a banza. Fiffiken dama an kwantar da shi gindin katanga, a kansa ake shanya barkono da kuɓewa. Ƙofar jirgin ta zama murfin akurkin kaji. Kujerar baya, mai laushin nan, Jamila ta ja ta zuwa ɗakinta, a kanta take zama tana taka keken ɗinki.

A wannan magaribar, Hajiya ta kai ruwa fuska ke nan sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ƙwal. Ya gangara a hankali, ya faɗo kusa da butarta. Ta tsaya da ruwa a tafin hannu. Aka sake. Aka kuma sakewa. Kaji suka yi tsit a akurki.

"Alhaji," ta ce a ciki-ciki. "Ana jifa."

Alhaji ya jawo jiki ya fito, ya haska tocila, ya ɗauki abin da ya faɗo. Ba dutse ba ne. Noti ne, da ɗuminsa, kamar yanzu aka cire shi daga tafin hannun wani. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, sai fuskarsa ta washe.

"Hajiya, notin fiffike ne. Su ne fa nake nema tun bara, har na ce ke kika sayar wa 'yan gwangwan."

"Alhaji, daga sama yake faɗowa."

"Ko daga ina ne. Miƙo mini daro."

Haka aka yi wannan yammacin: matar gida tana kan sallaya tana karanta duk abin da ta sani, maigida yana zagaye tsakar gida da daro a ka yana tare ƙarfe.

Jifa ba ta tsaya ba. Kullum da an kira magariba za a fara, a yi ta yi har a kira isha'i, sai a ɗauke kamar an rufe famfo. Maƙwabcinsu Shekari, direban tirelar da ya kawo jirgin tun farko, ya leƙo ta kan katanga.

"Kyaftin, jirgin naka bai tashi ba ya fara zubo mana kaya? Madam ta ce in tambaye ka ko mu sayi hular kwano."

Suka zagaya lungu tare, suka hau katanga suka duba. Ba kowa. Shekari ya daina dariya, ya ce shi dai gobe zai gaya wa fasto.

Daga nan sai tsaki. Alhaji yana cikin aiki, wani baƙo ya tambaye shi yaushe za a tashi, ya ce saura kaɗan, sai aka ja tsaki daga cikin bodin jirgin. Tsaki mai tsawo, na tsohuwar da aka ɓata wa lokaci. Baƙon bai tsaya shan ruwa ba. Alhaji ya ce iska ce take bi ta bututu. Amma tun daga ranar, ko a banɗaki ya faɗi kalmar nan sai an ja masa tsaki.

Ranar da abin ya kai ga Jamila, gari ya yi luf, hadari ya taru bai zubo ba. Hajiya ta ji keke ya yi shiru tun la'asar, ta ɗaga labule. Jamila tana zaune a kujerar jirgi, ta ɗaure kanta da bel ɗin kujerar tamau, hannuwanta bisa gwiwa, idonta a bango. An kira sunanta, ba ta amsa ba. An taɓa ta, jikinta sanyi ƙalau. Can ta juyo, ta dubi ubanta da ke tsaye a bakin ƙofa da sifana a hannu, ta yi magana da muryar da ba tata ba, busasshiya, mai nauyi.

"Yaushe?"

Daga wannan ba ta ƙara ba. Aka kai ta asibiti da kujerar gaba ɗaya, don bel ya ƙi kwancewa. Aka auna, aka duba, aka ce lafiyarta ƙalau. Aka dawo da ita. Ba ta ci sai an ɗura mata, ba ta barci, kayan amaren mutane suna jibge a kan tebur. Kullum da magariba za ta dubi ubanta ta ce, "Yaushe?" Ta fara ramewa har ƙashin wuyanta ya fito. Hajiya ta aika Tudun Wada aka kira Malam Ishaƙa, mai ruƙiyya.

Malam Ishaƙa ɗan siririn dattijo ne mara son magana. Ya zo bayan la'asar, ya tsaya ya daɗe yana kallon jirgin, ya kalli barkonon da ke kan fiffike, ya kalli akurki. Ya sa aka fito da Jamila da kujerarta tsakar gida. Da aka idar da magariba ya zauna a tabarma ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Duhu ya sauko. Noti ɗaya ya faɗo a kwano, bai gangaro ba. Jamila ta fara karkarwa, kujerar tana ƙara.

"Ya isa, Malam," in ji muryar. "Kana ƙona ni a banza. Ni ba gardama na zo yi ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai gida ce. Tambayi wancan mai sifanar, a ina ya ɗauko ni."

Malam ya ce ta yi bayani. Ta ce tun da aka yar da jirgin a ciyawa ta tare a cikinsa, ba ta taɓa kowa ba, ba wanda ya taɓa ta. Da aka ɗora shi a tirela ba ta yi fushi ba, ta ce ita ma ta ga birni. Da ta ji an ce za a gyara, har murna ta yi.

"Sai ya wargaza mini gida, Malam. Ɗakin kwanana yana ɗakin yarinya, a kaina take zama tana girgiza ni da keke. Ƙofata tana wurin kaji. Rumfata an shanya mata barkono, kullum ina tari. In zan kwanta in bi nan, in zan fita in bi can. Na yi haƙuri, na ce mutum ne, zai gama. Yarinyar nan a gabana ta girma."

"To, me ya sa kike jifa?"

"Jifa? Kayansa nake miƙo masa. Shi yake zuba su a gwangwanin madara ya manta inda ya ajiye, ya zo yana zagin mutane. Na tsinto masa, na ba shi a hannu. Me ya yi da su? Ya zuba a daro, ya tura ƙarƙashin gado."

"Wallahi gaskiya ta faɗa," in ji Hajiya Larai.

Malam ya ɗaga mata hannu. "Hajiya, ba a shaidar aljani."

"Malam, ni ma shekarun nan abin da nake faɗa ke nan."

Malam ya juya ga Jamila, ya ce wa aljanar ko me aka yi mata, yarinya ba ta da laifi, shiga jikin mutum zalunci ne, kuma ba za ta ci gaba da zama cikin mutane ba. Ko ta fita da girma, ko ya ci gaba da karatu.

"Zan fita. Amma da gidana zan fita. A haɗa mini shi yadda aka same shi, a mayar da shi inda aka ɗauko, ko noti ɗaya kada a rage."

Alhaji Yahaya ya matso.

"Malam, a tambaye ta. Akwai wata tsohuwar bas a garejin abokina a Kudenda, ta fi wannan faɗi. Har labule zan sa mata."

Tsakin da aka ja sai da kaji suka firgita.

"Bas. Ni zai sa a bas."

"To a bar mini injin da farfela, ta tafi da bodin."

"Malam, ci gaba da karatunka. Ka ƙona ni, in riƙe ta, mu ga wanda zai fara gajiya."

Kan Jamila ya faɗa baya, numfashinta ya fara fita da ƙyar. Malam ya dubi Alhaji.

"Alhaji, ka ji sharaɗi."

Alhaji ya juya yana kallon farfelar da ya goge a makon nan, tana ɗan ƙyalli a hasken fitila. Shekari da ke maƙale a kan katanga ya sunkuyar da kai.

"Alhaji," in ji Hajiya, "ana jiranka."

Sai leɓen Jamila ya motsa, wata 'yar murya ta fito, tata ta gaske, kamar daga cikin rijiya.

"Baba."

Sifana ta faɗi daga hannunsa. "A ɗauka," ya ce. "Duka."

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa. Ta ce za ta saki yarinya yanzu, amma tana nan a kujerarta tana kallon aiki. Jamila ta yi atishawa mai ƙarfi, bel ya kwance da kansa, ta zube a jikin uwarta tana kuka tana cewa yunwa take ji.

Aikin da ya gagari shekaru, kafin wata ya mutu an gama shi. Alhaji ya rufe shago. Aka kwashe barkono, aka yi wa kaji murfin katako, aka jawo daro daga ƙarƙashin gado. Babu sake fenti, babu sake kwance inji. In ya tsaya yana shafa wani wuri yana tunanin ko a ƙara kankarewa, sai ya ji an gyara zama a kujerar baya, sai ya wuce.

Shekari ya kawo tirela, suka ɗauki hanyar Kachia. A tsohuwar gonar suka ɗaura fikafikai, suka matse notin ƙarshe. Alhaji ya ja da baya ya tsaya. Tun da ya ɗauko shi bai sake ganin jirginsa a haɗe ba sai ranar. Fari tas, fikafikai a miƙe, ga fili shimfiɗe a gabansa har inda ido ya tsaya.

"Kyaftin," in ji Shekari, "mu tafi kafin rana ta faɗi."

"Bari in ji muryarsa kawai."

Ya shiga, ya zauna a gaba, ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya sake tari, ya kama. Farfela ta juya har ta ɓace wa ido, ciyawa ta kwanta a bayansa. Alhaji ya riƙe sitiyari da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. A cikin duk wannan ƙarar, daf da kunnensa, aka ja tsaki. Ya kashe, ya fito, ya rufe ƙofa a hankali, ya yi sallama.

Washegari da magariba tsakar gida ta yi faɗi, sai bulo da tabon baƙin mai. Jamila tana ɗaki a kan benci, keke na tafiya. Hajiya ta ɗauki buta. Sai aka ji a kan kwano: ƙwal. Wannan karon dutse ne. Keke ya tsaya.

Hajiya ba ta dubi sama ba. Ta ajiye buta, ta taka har gaban mijinta, ta miƙa masa tafin hannu.

"Na tunawa ne kawai, Hajiya. Ɗan ƙarami ne, ba ya riƙe komai."

Hannunta bai sauka ba. Ya laluba aljihu, ya ciro noti, ya ɗora mata. Ta je ta ajiye shi a kan katanga, ta dawo ta ci gaba da alwala. Da gari ya waye babu shi a wurin, kuma daga ranar ba a sake jifa a gidan ba.