Katin da Aka Kife

Da hantsi rahoto ya iso caji ofis: 'yan bindiga sun fasa gidan tarihi, sun ɗauke tsohon littafin nan mai shekara ɗari biyar. Sufeto ya ja tsaki, ya jawo takalmansa. Wata uku ana yaƙi, gawa ma ta ishe shi, balle takarda.

A gidan tarihin, ya tarar da akwatin gilashin da ake ajiye littafin a farfashe. Ɓaraguzan sun zuba ne a gurbin littafin, wato an ɗauke shi kafin a fasa. Katin bayaninsa yana gefe, a kife.

"Su shida ne, ranka ya daɗe, fuska a rufe," in ji mai gadi.

"Ta ina suka shigo?"

"Ta ƙofar gaba."

"Kwaɗon gaba lafiyarsa ƙalau."

Mai gadi ya sunkuyar da kai. "Iyalina na kai tasha. Ban ga kowa ba."

Sufeto ya juya ga tsohuwa mai shara. "Baba, wa ke kife kati a nan?"

"Malam mana, mai kula da gidan. In ya ɗauki abu zuwa gyara, sai ya kife katinsa. Shekara talatin yana haka! Ko tsintsiyata ya ara sai ya nemi katinta."

Malam yana ofishinsa, hannuwa bisa tebur, kamar mai jiran baƙo.

"Ɓarawon naka akwai ladabi, Malam. Har kati ya kife."

Tsohon ya runtse ido. "Hannuna ne ya riga ni. Makon jiya 'yan bindiga sun ƙone ɗakin karatun garin gaba ƙurmus. Mu ne a layi."

"Ina littafin?"

"Inda wuta ba za ta kai ba."

"Faɗa mini, ka kwana a gida."

"In na faɗa, za ka rubuta a fayil. Hannu nawa fayil ke bi, Sufeto?"

Sufeto ya san amsar, kuma ba ta yi masa daɗi ba. Ya daɗe yana murza ido kafin ya zaro ankwa. Bai sake tambaya ba.

Da suka zo wucewa ta zauren da akwatin yake, Sufeto ya kai hannu zai juya katin.

"Bar shi a kife," in ji Malam. "Zai dawo."

Sufeto ya janye hannunsa, ya tasa shi gaba zuwa mota.