Hannun da Ya Taɓa Gawa

Hamdia ta ajiye kwanon waakye, wato shinkafa da wake, a gaban Hajiya Zuera, mahaifiyar saurayinta Fataw, ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ta saba kowace Lahadi tun da aka kai goron tambayarta. Duk unguwar Maamobi da ke Accra, idan mace ta rasu, Hajiya ake kira ta yi mata wanka. Yau ko gaisuwar ba ta amsa ba, da ƙafa ta ture kwanon.

"Da hannun da kike yanka bayin Allah kika dafa mini?"

Hamdia ta ɗago kai. Ta dubi Fataw, ya maƙale a bakin ƙofa yana latsa waya kamar ba da shi ake ba. Ashe shi ne, sarkin surutu, ya je majalisar shayi yana cika baki wai budurwarsa tana ajin farko a makarantar likita, har ta fara feɗe mutum ba ta ko ƙifta ido. Zance ya zaga har Nima, unguwar su Hamdia, ya dawo kunnen uwarsa.

"Mma, karatu ne. Anatomi ake ce masa, sai mun ga yadda jiki yake kafin..."

"Rufe mini baki! Gawa amana ce. Ni ina wanke ta in rufa mata asiri, ku kuna baje ta a tebur kamar naman Sallah. Ko ki bar karatun nan, ko ki bar mini ɗana."

Hamdia ta tashi ta fita, a lungu Fataw ya biyo ta da gudu. "Please, Hamdia, ki ce mata kin daina kawai. Ai ba za ta sani ba."

"Chale, Fataw, ba ka da kunya. Ka mai da ni labarin shayi, aka ture abincina da ƙafa kana tsaye, yanzu kuma in yi wa uwarka ƙarya? Ba zan yi ba, karatu kuma ba zan bari ba."

Sai da ta shiga trotro, motar haya, ta bar hawayen suka zubo, kuma na haushi ne zalla. Ga haddar sunayen ƙasusuwa, ga warin maganin gawa da ke bin mayafinta har gida, ga mata suna janye 'ya'yansu idan ta wuce. Duk da haka ba ta fasa kai abincin Lahadi ba, ana dawo mata da shi a rufe.

Wata Lahadi ta tarar da Hajiya a tsakar gida tana zazzaga faɗa. Wata 'yar dako a kasuwar Makola, mai haya a gidan, zazzaɓi ya tafi da ita, kuma ba ta da kowa a Accra. Mai taya Hajiya wanka ta yi tafiya, matan gidan kuwa kowacce ta ƙirƙiro uzuri don tsoro.

"Gida cike da rayayyu, a rasa mai zuba mini ruwa?"

Hamdia ta ajiye kwano ta naɗe hannun riga. "Zan zuba, Mma. Ba don ki yarda da ni ba, sai don marigayiyar."

A ɗaki Hajiya ta sa mata ido. Ta ga yadda ta tallafi kan yarinyar a hankali, zane yana zamewa ta gyara shi tun kafin a ce mata.

"Wa ya koya miki wannan?"

"A makaranta. Ranar farko malaminmu ko wuƙa bai bari mun taɓa ba. Ya ce wadda ke kwance ita ce malamarmu ta farko: ba hoto, ba dariya, ba a buɗe ko'ina sai wurin da ake karatu. Ni kuma sai na yi mata addu'a nake sa safar hannu."

Hajiya ta juyo ta dube ta. "Tana da suna?"

"Ba a faɗa mana ba."

"To ki riƙa ce mata baiwar Allah. Ki sa ta a addu'ar asuba ma."

Bayan an tafi da gawa, Hajiya ta jawo kwanon da kanta. Waakye ya yi sanyi ƙalau, amma ta kai loma ta ce, "Sa hannu, 'yata." Sannan ta harari Fataw. "Kai kuma ka koyi riƙe bakinka, tun kafin yarinyar nan ta gane ta fi ƙarfinka."

Hamdia ba ta huce masa da wuri ba, sai da ya je Nima ya ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta. Da ta yi ƙaryar da ya nema, da ta rasa mutuncinta ko karatunta. Ta yi fushi, amma ta riƙe gaskiya da ladabi, shi ya sa Allah ya bar mata karatun, ya ƙara mata da uwa.